Ni na sauya adireshin da saƙonninsa ke fita, yanzu gari na cewa ya yi rantsuwar ƙarya

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, da fatan kina lafiya, ke da masu bibiyarki. Ki ɓoye sunana, ki ɓoye lambata, kada ki bar ko harafin farko. Ku kuma masu sharhi, na san halinku sarai, na sha ganin yadda kuke yi wa mutum rubdugu tun ba ku kai layi na uku ba. Don Allah kada ku yanke mini hukunci sai kun kai ƙarshe. Wanda ya san zagi kaɗai ya iya, ya wuce abinsa, na riga na zagi kaina fiye da yadda bakinsa zai iya. Shawara na zo nema.

Ni mace ce, 'yar Sakkwato, a Ƙofar Marke aka haife ni. Kimiyyar kwamfuta na karanta, ina kuma aiki a kamfanin baffana, yayan mahaifina, wanda kowa ke kira Alhaji. Gidanmu gidan fataucin shanu da nama ne tun kakanni, Alhaji ne dai ya ɗaga sana'ar, ya gina ɗakin sanyi, ya sayi motoci masu firji, yana kai wa manyan otal na Abuja nama. Duk abin da ya shafi intanet a kamfanin a hannuna yake, musamman babbar kwamfutar da muke kira saba, wadda imel ɗin kowane ma'aikaci ke bi ta cikinta kafin ya fita duniya. Ni na haɗa ta da hannuna. Ni nake rugawa in duba batir idan an ɗauke wuta, ni na sha zafin bazarar Sakkwato a ɗan ɗakin da take ciki, gumi na bin bayana, babu wanda ya taɓa leƙowa ya ce sannu.

Bara sai Alhaji ya ɗauko wani Bakano ya ba shi shugabancin sashen ciniki. Zan kira shi Auwalu, ba sunansa ke nan ba. Mutum ne mai turare, mai takalmi mai sheƙi, kuma ba ya haɗa jimla ɗaya bai tsoma mata Turanci ba. Tun makon farko ya raɗa mini suna, yarinyar waya. Ba Malama ba, ba Injiniya ba, ko sunan da ubana ya yanka mini rago bai iya riƙewa ba. Idan na yi magana sai ya kwaikwayi harshena a gaban direbobi, ya karkace baki ya ce, “Mi kac ce? Mi kac ce?” su yi ta dariya, har da waɗanda uwayensu ke magana irin tawa. Ya kafa doka kuma, wai daga yanzu babu ciniki ta baki, babu ta kiran waya, babu ta saƙon murya, komai ta imel, kamar kamfani na gaske. Ku riƙe wannan dokar tasa, don za mu dawo kanta.

Na haɗiye duk wannan. Na haɗiye ranar da baƙi suka zo daga Abuja ya nuna musu tsarin karɓar oda da na yi wata da watanni ina ginawa, ya ce “tsarin da na kawo,” ina tsaye riƙe da tiren shayi. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne wanda na ji da kunnena ina gyara waya a bayan ƙofar ofishin Alhaji. Cewa ya yi, “Alhaji, saba fa ba wasan yara ba ce. Ina da injiniya na gaske a Kano. Ita a mayar da ita wajen buga takardu, ai dama aure za ta yi ta tafi.” Na tsaya ina jiran baffana ya taka masa birki. Sai na ji Alhaji ya ce, “To, mu gani.” Mu gani! Jinina ne fa, shi ya yi mini huɗuba. Ku faɗa mini gaskiya, wace ce a cikinku za ta ji wannan ta koma kujerarta tana murmushi?

Dole in ɗan yi muku bayanin aikina, in ba haka ba ba za ku gane girman abin da na yi ba. Kamfanin da ke ba mu intanet ya ba sabarmu adireshi biyu, irin lambobin nan da ake kira IP. Duk saƙon da ya fita yana ɗauke da adireshin da ya fito daga gare shi, kuma kwamfutar mai karɓa adireshin take dubawa kafin ta yarda ta karɓa. Na farko tsaf yake, na sha wahalar yi masa rajista, ko'ina an san shi. Na biyu kuwa da baƙin jininsa ya zo mana, wanda ya riƙe shi kafin mu ya yi ta aika saƙonnin damfara da shi, har manyan kamfanoni suka daina karɓar duk abin da ya fito daga can. Kamar gida ne mai ƙofa biyu, wanda ya fito ta gaba a gaishe shi, wanda ya fito ta baya a ɗauke shi ɓarawo. Shi ya sa tun farko na ɗaure sabar, na ce komai ya fita ta adireshi na farko. Ban da ni babu wanda ya san na biyun yana nan.

Ranar da na ji maganar nan, bayan la'asar, na shiga ɗakin sabar na ƙara mata ɗan umarni. Na ce duk saƙon da ya fito daga akwatin Auwalu, ki fitar da shi ta adireshi na biyu, na sauran mutane kuma su ci gaba da bin na farko. Waɗanda za a ƙi karɓa su dawo, na karkatar da su zuwa wurina don kada ya gani. Zan so in ce muku na ji nauyin abin a lokacin, amma ƙarya zan yi. Na gama na fito na sayi kunun aya mai sanyi na sha, raina fes. A lissafina ɗan kunyata shi zan yi, abokan ciniki su yi ƙorafi, Alhaji ya ga Auwalu mai cika baki bai iya ko aika imel ba, sai in mayar da komai yadda yake.

Ƙorafin kuwa ya fara zuwa. Saƙon da ya aika wa 'yan ofis yana shiga, tunda bai fita waje ba, na waje ne ke ɓacewa. Ya zo ya tsaya a kaina, hannu a aljihu, ya ce, “Yarinyar waya, duba min abin nan naki, mutanen Abuja sun ce ba su ga saƙona ba.” Na ce, “Saba lahiya lau take, na kowa na zuwa.” Ya yi tsaki ya ce ma'aikatan otal ɗin ne malalata, ba sa duba akwatinsu. Da ya ɗaga waya ya kira su ya bi diddigi da abin bai kai inda ya kai ba, amma ina, shi da ya hana ciniki ta waya, girman kai zai bar shi? Na ji daɗi, Anti. Ina faɗa ina jin kunya, amma na ji daɗi.

Sai ga babbar oda daga wani otal da Alhaji ya daɗe yana nema, za su yi babban taro. Ƙa'idarsu ita ce sai sun ga imel na tabbatarwa tare da takardar likitan dabbobi kafin mota ta tashi, in ba su gani ba su sayi nama a wani wurin. Auwalu ya aika. Saƙon ya dawo wurina da safe, na gan shi da idona, a lokacin ana kan loda motar a tsakar kamfani, ina hango ta ta taga. Taku kaɗan ne tsakanina da direban. Me ya hana ni fita in ce a dakata? Me ya hana ni aika saƙon ta adireshi mai kyau, abin da ba zai ɗauke ni minti guda ba? Na ce a raina ai mutanen otal ɗin za su kira, ai ba za su mayar da mota cike da nama ba. Mota ta je har Abuja aka tare ta a bakin get, sun riga sun saya a wurin wani. Direba ya yi ta yawon neman mai saye cikin rana, firjin ya mutu a hanya, nama ya lalace. Otal ɗin suka ce sun gama hulɗa da mu.

Alhaji ba mutumin takardar tuhuma ba ne. A kara, kasuwar shanu, ya girma, inda ake sayar da garke guda da baki da musafaha, kuma wanda aka kama da ƙarya sau ɗaya ya gama ciniki. Ya tara dattawan sana'a da limamin unguwa a zaurensa, aka kira Auwalu, ni kuma aka shimfiɗa mini tabarma daga bakin ƙofar cikin gida.

Alhaji ya ce, “Auwalu, ni ban san imel ba, magana nis sani. Ka aika ko ba ka aika ba?”

Ya ce, “Wallahi na aika, Alhaji.” Ya buɗe kwamfutarsa ya nuna akwatin saƙonnin da aka aika.

Alhaji ya juyo wajena. “Ke ɗiyata, mi kig gani?”

Na ce, “Baffa, wanga akwati ba shi zama shaida. Kowa na iya sa abu ciki bayan aiki ya ɓaci.”

Auwalu ya dube ni kamar yau ya fara ganina, sannan ya ce a kawo Alƙur'ani. Shi ya nema da bakinsa, ku rubuta wannan, ba ni na ce ya rantse ba. Liman ma ya so ya hana shi, ya ce, “Yaro, bi a hankali, ba a gaggawar rantsuwa.” Ya ƙi ji. Ya fita ya yi alwala, ya dawo ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya dafa ya rantse cewa ya aika saƙon nan kafin mota ta tashi. Da a nan aka tsaya da an ce ƙaddara ce, kowa ya watse. Sai wani dattijo, aminin Alhaji, ya ce, “To shi aika wani yanzu gabanmu. In injin na da ciwo, mu gani.”

A nan ne na yi abin da ya hana ni sukuni. Wayata na cikin hijabina, kuma ina iya shiga sabar daga wayar. Yana buɗe kwamfuta yana rubutu, ni ina ƙasa da kai kamar mai jan carbi, na shiga na goge umarnin nan. Ya aika wa mai sayayyar otal ɗin, aka kira mutumin aka sa a lasifika, ya ce, “E, ya shigo yanzun nan.” Har na mutu ba zan manta fuskar Auwalu ba. Dattijon ya tafa hannu ya ce, “Inna lillahi! Yaron ga ya dafa Littahi bisa ƙarya.” Alhaji bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, “Tashi ka tahi. Tsakaninka da Mai Littahin.” Da kowa ya fita Alhaji ya dube ni ya ce, “Allah shi yi miki albarka.” Na ce amin. Maganar injiniyan Kano kuma ta mutu daga ranar.

Na ci nasara ke nan, ko? Kujerata tana nan, babu mai ce mini yarinyar waya. Amma ni korar aiki na yi masa fata, ya tattara turarensa ya koma garinsu. Ban yi lissafin cewa matarsa 'yar nan ce ba, a unguwar Gidan Dahala suke haya, kuma kafin a yi sallar magariba labari ya kai kara, ya kai mahauta, ya kai unguwarsu. Babu wanda ya yarda ya ɗauke shi aiki. An ce a masallaci idan ya shiga sahu na kusa da shi sai ya ɗan matsa. Gari ya zuba ido yana jiran ya ga abin da rantsuwa za ta yi masa. Sai kuwa wani mai adaidaita ya buge shi a kan babur, ƙafa ta karye. Hatsarin da ake yi kullum a titunan Sakkwato, amma nasa sai aka ce rantsuwa ta kama shi. Har a kicin ɗin gidanmu na ji ana faɗa, innata na cewa Allah shi tsare mu.

Na bi 'yan ofis dubiya, kuma kada ku tambaye ni tausayi ne ya kai ni ko son ganin ƙwaƙwaf, ni ma ban sani ba. Yana kwance a tabarma, ƙafa a ɗaure, ya rame, babu turare. Da za mu tafi ya ce, “Injiniya, ki yafe min abubuwan da na riƙa faɗa miki.” Injiniya! Yanzu ya san sunan? Wallahi ji na yi kamar in kwaɗa masa mari. Da ya faɗi kalmar nan tun farko, sau ɗaya tak, a gaban direbobin nan, da duk wannan bai faru ba. Ya bari sai da ya mayar da ni abin da na zama sannan zai zo yana neman gafarata da muryar tausayi? Har yanzu ban yafe masa ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa na yafe don ku tausaya mini ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne matarsa, zan kira ta Luba. Ƙanwar ajinmu ce a Islamiyya, yarinya mai sanyin hali. Ranar Asabar da hantsi ta yi sallama a gidanmu, goye da jaririyarta, ta ce tana son ganina ni kaɗai. Muka shiga ɗakina, ta ƙi zama a kujera, ta zauna a ƙasa.

Ta ce, “Anti, ba roƙon aiki niz zaka yi mai ba. Babana ya ce ran Juma'a in an sauko masallaci shina zuwa shi ɗauke ni. Ya ce ba shi barin ɗiyatai gidan wanda yad dafa Alƙur'ani bisa ƙarya, kada abin shi shahe mu ni da yarinyar ga.”

Na ce, “Shi mijin naki mi yac ce?”

Ta share ido da bakin hijabi. “Da shina cewa ya aika. Yanzu ya bar hwaɗi. Ya ce halan mantuwa yay yi, halan Shaiɗan ya ruhe mai ido yag ga awa ya aika. Ya hwara azumi na neman gahwara, ga ƙahwa karye, ga zahin ga, likita ya ce shi ci abinci don magani, ya ƙiya.”

Kun ji? Mutumin da ya rantse a kan gaskiya, ni na sa shi ya daina yarda da kansa. Yana azumin laifin da bai yi ba, ni kuma ina cin abinci sau uku.

Ta matso ta kama hannuna ta ce, “Anti, dut garin ga ke kis san injin nan. Abin da kic ce shi za ni ɗauka. In kin ce ƙarya yay yi, in bi babana, ban da ta cewa. In kin ce akwai yadda saƙo ka ɓacewa mutum bai sani ba, in tsaya gaban babana in ce ba ni zuwa.”

Na zare hannuna na ce bari in duba. Ta yi mini addu'a har bakin ƙofa, ta ce Allah shi ba ni miji nagari.

To ga inda nake. Idan na ce wa Luba saƙo na iya ɓacewa na yi shiru a nan, babanta ba yaro ba ne, zai je wurin Alhaji, Alhaji zai tambaye ni ta yaya, kuma me ya sa ban faɗa a zaure ba. Ƙarshenta a ɗauko injiniyan Kanon ya zo ya bincika, ya ga adireshi na biyu, ya haɗa biyu da biyu. Idan na faɗi komai da bakina, ba aikina kaɗai zai tafi ba. Mahaifina a ƙarƙashin yayansa yake ci, motar nama guda na jawo aka zubar, kuma ni ce zan zama wadda ta zauna a kan tabarma tana kallo mutum ya dafa Alƙur'ani, ta sa yatsa ta mayar da gaskiyarsa ƙarya. Da wane ido innata za ta fita biki a Ƙofar Marke? Idan kuma na yi shiru, babu mai kama ni har abada, na goge komai tas, aikina ne na iya shi. Sai dai a ɗauke Luba, jaririyar nan ta tashi ana nuna ta ana cewa ga 'yar wanda rantsuwa ta kama.

Na san abin da wasunku za su rubuta, ki ji tsoron Allah, ki je ki faɗi gaskiya. Faɗa da sauƙi a bayan waya. Ba ku aka kwaikwayi harshenku ba, ba ku aka ce a mayar wajen buga takardu ba, kuma ba ku za ku durƙusa a zauren nan gaban dattawan nan ba. Masu cewa kuma shi ya jawo wa kansa, ku ma ku yi mini shiru, na faɗa wa kaina haka har na gaji, bai sa na daina ganin ruwan alwalar da ke ɗiga daga gemunsa ba.

Jibi Juma'a. Ina cikin rubuta wannan Luba ta kira ni na ƙi ɗagawa, sai ta turo saƙo: “Anti, kin duba? Ban ɗaure kayana ba, ke nike jira.” Ban ba ta amsa ba. Ina ƙin mutumin nan har cikin raina, amma wallahi ya aika saƙon, kuma a duk duniya ni kaɗai na sani.

Me zan yi?